Abin da almakashi ya cire daga fim ɗin Yaƙin Taurari

Ya kai mai karatu, ka taɓa zama wurin tela? In ya gama ɗinka riga, za ka ga ƙyallaye zube a ƙasa. Kullum yadin da aka sayo ya fi rigar yawa. Haka aikin sinima yake. Masu yin fim suna ɗaukar hotuna da yawa. Daga baya a zauna, a yanke wannan, a haɗa wancan. Abin da ka gani a gidan sinima shi ne rigar. Yau ƙyallayen za mu duba.

Fim ɗin da za mu yi magana a kai sunansa Star Wars, wato Yaƙin Taurari. Wani mutumin Amurka mai suna Joj Lukas ya yi shi. Ya fito ranar 25 ga watan Mayu 1977, duniya ta yi ta tururuwar kallonsa. Labarin ƙage ne. Wata azzalumar daula tana mulkin taurari, ƴan tawaye suna yaƙarta. Jarumin shi ne Luk, saurayi maraya, yana aiki a gonar baffansa cikin hamada. Hamadar ta gaskiya ce. A Tunisiya aka ɗauki hotunanta a 1976, can ɗaya gefen Sahara.

Mutum uku suka yi aikin yanka da haɗawa: Pol Hash, Marsiya Lukas da Ricad Cu. A 1978 sun samu kyautar Oska saboda wannan aiki. Cikin abin da aka yanke, wurare biyu sun isa a yi musu shari'a.

Na farko, hirar Luk da abokinsa Bigis. Luk yana cikin gona, ya hango walƙiyar yaƙi a sama. Ya ruga gari ya faɗa wa samari, suka yi masa dariya. A nan ya tarar da Bigis, wanda ya dawo daga makarantar tuƙin jirgi, sanye da tufafi masu kyau. Suka keɓe su biyu. Bigis ya gaya masa asiri: zai gudu ya shiga cikin ƴan tawaye. Shi kuwa Luk ya ce ba zai iya tafiya ba tukuna, baffansa yana bukatarsa a gona.

Ka san irin wannan hira. Duk garin da samari suke tafiya biɗa bayan girbi, an yi ta. Ɗaya ya dawo da sabuwar riga da labarin birni, ɗaya yana nan inda aka bar shi. A ganina, babu inda zuciyar Luk ta fito fili kamar nan.

To, don me aka yanke ta? Fim ɗin ya fara da yaƙi, jini ya hau. In aka bar yaƙin aka koma hirar samari, sai ya huce, kamar tuwon da aka bari a buɗe. Saboda haka aka bi wata hanya. Butum-butumi biyu na ƙarfe suka tsere daga yaƙin, suka faɗo cikin hamada. Mai kallo yana biye da su, har aka sayar da su ga baffan Luk. Sai a nan muka ga Luk. Labarin ya miƙe kamar igiya ɗaya, babu ƙulli. Masu almakashi sun yi gaskiya.

Amma an yi hasara. A yaƙin ƙarshe an harbo jirgin Bigis, ya mutu. Luk ya ji ciwo, mai kallo bai ji ba, don sunan Bigis kawai ya ji a baya. Mutuwar wanda ba ka sani ba, ba ta hana ka barci.

Na biyu, haɗuwar Han Solo da Jabba. Han matuƙin jirgi ne, ɗan sumoga. Jabba kuwa babban ɗan ta'adda ne, yana bin sa bashi. A 1976 wani ɗan wasa mai ƙiba, Diklan Malholan, shi ya fito a matsayin Jabba, sanye da rigar gashi. Lukas ya ce ya so ya maye gurbinsa da dodo, kuɗi da lokaci suka hana. Aka ajiye hotunan. Maganar bashin tana nan a bakin wani yaron Jabba mai suna Girido, wanda ya tare Han a mashaya. Shi Jabba ba a gan shi ba sai a fim na uku, a 1983: ƙaton dodo mai wutsiya, kwance kamar tsutsa. Shekara 6 mutane suna jin sunansa, suna ƙera shi a zuci. Wannan jira ya ƙara masa kwarjini.

A 1997 fim ɗin ya cika shekara 20, Lukas ya sake fito da shi. Ya ɗauko hotunan Jabba, aka shafe mutumin, aka zana dodon da kwamfuta. A nan ne na ce ya yi kuskure. Da fari, maimaici ne. Abin da Girido ya faɗa ɗazu, shi Jabba yake sake faɗa. Na biyu, a tsohon hoton Han ya zagaya ta bayan mutumin. Yanzu akwai wutsiya a wurin. Sai aka gyara hoton, Han ya taka wutsiyar ya wuce, Jabba ya zaro ido. Dodon da wanda yake bi bashi ya taka wa wutsiya, wa zai ji tsoronsa? Garin neman gira an rasa ido. A 2004 aka sake zana Jabban, ya ɗan yi kyau, amma maimaicin yana nan.

Bigis fa? A 1997 an mayar da ɗan guntu, inda shi da Luk suka gaisa kafin yaƙin ƙarshe. Wannan ya yi amfani, ko da yake gajere ne. Doguwar hirar kuwa ba ta koma cikin fim ɗin ba. An sa ta gefe, cikin faifan da aka fitar a 2011.

Ka ga shari'ar ke nan. Hirar Bigis tana da abin da fim ɗin ya rasa, duk da haka yanke ta ya fi. Hirar Jabba ba ta da sabon abu, amma ita aka mayar, don kwamfuta ta nuna gwaninta. Abin takaici, tun daga 1997 fim ɗin 1977 na ainihi ya yi wuyar samu. Yawancin matasa mai gyaran suka sani.

Kai ma da ka fara riƙe alƙalami, za ka gamu da wannan. In ka rubuta wasiƙa ko labari, ka sake karantawa. Abin da ka faɗa sau biyu, ka soke ɗaya. Abin da kake so ƙwarai amma yana tare hanya, ka cire shi ka adana. Wanda ka soke kuma, kada ka mayar da shi don kawai ka sayi sabon biro.