"Koma-baya" Aka Ce? A Sake Duba Darasin Jinin Ƙwari

Duk wanda ya yi darasin bayoloji a sakandare ya san jadawalin nan mai gida biyu: a gefe ɗaya rufaffen tsarin jini irin namu, a ɗaya gefen buɗaɗɗen tsari irin na fara da kyankyaso. Ƙorafina da littattafan da ke kawo shi shi ne yadda suke barin ɗalibi ya tashi da tunanin wai na ƙwari koma-baya ne.

Bayanin farko dai daidai ne. Jinin ƙwaro, wanda ake kira himolimf, ba ya zama cikin jijiyoyi. Zuciyarsa doguwar bututu ce a gadon baya, tana tura jinin zuwa kai, daga nan ya malala cikin kogon jiki, wato himosil, ya jiƙa hanji da tsoka kai tsaye. Gudunsa kuma ba shi da ƙarfi.

To amma a nan ake kuskuren awo. Namu jinin dole ya yi sauri domin shi ke dakon iskar oksijin. Ƙwaro kuwa yana da ƙananan ƙofofi a gefen jiki da siraran bututai masu kai iska har cikin tsoka. Shi ya sa jinin fara ba ja ba ne. Aikinsa raba abinci, yaƙar ƙwayoyin cuta, da bayar da matsi. Da wannan matsin ne malam-buɗe-littafi ke miƙe fukafukansa bayan ya fito daga kwansonsa. Ina laifin wanda bai ɗauki kayan da ba a ɗora masa ba?

Abin da ya fi damuna shi ne abin da aka bari a baya. Ƙwayar zazzabin cizon sauro tana girma ne a bangon hanjin sauro, ta fashe cikin wannan kogo, himolimf ya kwashi 'ya'yanta zuwa inda ake yin yawun sauron. Daga nan sai jikin mutum. A Indiya Ronald Ross ya fara ganin ƙwayar a hanjin sauro a 1897.

Yaron da ke kwanciya da zazzabi duk damina ya cancanci a nuna masa wannan hanya a aji, ba a ba shi layi biyu ya haddace don jarrabawa ba.