Muryar Dare: Tatsuniya da Sabon Salon Shirin Sauti

A Amurka da Turai wasu masu shirya fodkas sun fara haɗa abubuwa biyu da a da ba sa shan inuwa ɗaya. Akwai horon natsuwa, inda murya mai sanyi ke sa mutum ya lumshe ido ya ja numfashi a hankali, irin wanda manhajojin Calm da Headspace suka yi suna a kai. Akwai kuma wasan shiga rigar wani gwarzo a duniyar almara, wanda ya bunƙasa tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974. In an gauraya su, mai sauraro ne ke zama tauraron labarin. A ce masa ga shi a bakin wani kogi, a saka masa ƙarar ruwa a kunne, a yi shiru don ya zaɓi hanyarsa a zuci.

Wanda ya tashi a Kaura Namoda ko Zurmi ya san wannan aikin tun a kan tabarmar kakarsa. Tatsuniya ba ta farawa sai yara sun amsa. Tsohuwa takan maƙale harshe ta yi tsamin bakin Gizo, ta kumbura murya ta zama Dodo, in waƙa ta zo kowa ya karɓi amshi. Tana lura da idanun jikokinta, da ta ga sun yi nauyi sai ta rage murya, ta ja labarin. Abubakar Imam ma a kan wannan hikima ya gina littafin farko na Magana Jari Ce a 1937: aku na ɗauke hankalin Musa ɗan sarki da labarai dare bayan dare, don kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya.

Sai dai duk mai son kawo salon nan arewacin Zamfara dole ya sake tunani a kan sautin da zai zuba. Bature na jin kukan tsuntsayen daji ya saki jiki. Mutumin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa a ƙasar Shinkafi kuwa, ambaton daji kaɗai na faɗar masa da gaba, balle rurin babur daga nesa ko haushin kare da tsakar dare. A ganina sautin da zai kwantar masa da hankali na cikin gida ne: lugude a turmi, guga na taɓa ruwan rijiya, yayyafi a kan kwano.

Akwai kuma iyakar addini. Musulmin yankin yana da zikirinsa da wazifarsa, ba zai yarda a cuɗa su da Gizo da Ƙoƙi ba, kuma yana da gaskiya. Shirin da ya ce masa ya bar wani ruhi ya shige shi, da garaya a ƙarƙashi, sunansa bori a kunnen jama'a, a ranar za a goge shi.

Hanyar isar da shirin ma abar dubawa ce. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a faɗin Zamfara na tsawon makonni, mutane suka koma ga rediyo da abin da ke cikin memori. Don haka gara a yi shi gajere, marar nauyi, wanda mai cajin waya a kasuwar Shinkafi zai iya tura wa mutum ta Bluetooth kafin ya gama cinikinsa.