Masu Shimfiɗa wa Hoto Hanya daga Gonar Dungas

Gawo halinsa daban ne da na sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. Manomin Magarya ya san haka, shi ya sa yake barinsa a tsakiyar gona. Gero ba ya rasa rana, ganyen da ya zuba ya zama taki, 'ya'yansa kuma su ciyar da bisashe. To amma wanda ya buɗe hoton gawo tsirara a kwamfutarsa a Yamai, in babu kwanan wata a jikin hoton, yana iya rubuta cewa itacen ya mutu. Hoto ba ya zama shaida sai an san ranar da aka ɗauke shi da inda mai ɗauka ya tsaya.

Da irin wannan shaida duniya ta gane aikin da manoman kudancin jihar Damagaram suka yi ba tare da kowa ya buga musu ganga ba. A 2006 Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka fitar da bincike a kan Magarya da Matamai da Mirya, lokacin Dungas tana cikin Magarya, don sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Gray Tappan na hukumar USGS ta Amurka ya jera tsofaffin hotunan jirgin sama kusa da sababbin hotunan tauraron ɗan Adam, sai ga gonakin da suke fayau a 1975 sun cika da itatuwa. An ƙiyasta sassabin zamani, wato barin kututture ya toho a gona, ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram. Wancan aikin gwada hotuna ido da haƙuri ne suka yi shi, hoto bayan hoto.

Yau hotunan sun fi ƙarfin ido. Tun 2008 hotunan tauraron Landsat suka zama kyauta, Sentinel-2 na Turai kuma yana dawowa kan gona ɗaya duk kwana 5. Sai dai kowane ɗigo a hotonsa mita 10 ne, ƙaramin gawo ba ya ko cika shi, don haka dole wani ya taka ƙasa ya ɗauko hoto da wayarsa. A nan ne gwanin da nake yabo yake shigowa, wanda ke haɗa ma'ajiyar hotuna da manyan kwamfutocin haya na intanet, wato kilawud, ta yadda hoto zai bi hanyarsa ba tare da wani ya zauna yana kwafa yana liƙawa ba. Aikinsa kamar na mai lambun rake a Korama ne: wahalarsa tana wajen gyara magudanai, in ya saki ruwa kuwa, shi ke bin kwami kwami da kansa.

Mu bi hoto guda. Ma'aikacin gandun daji yana wata gona wajen Dogo-Dogo, babu rezo. Ya cika fom a manhajar KoboCollect, ya ɗauki hoton kututture mai toho, wayar ta riƙe komai har ya kusa gari ta tura. Da hoton ya sauka a ma'ajiyar Amazon S3, ita da kanta take sanar da cewa sabon abu ya shigo. Sanarwar ta tada wani ɗan gajeren shiri a Lambda, wanda ba ya aiki sai an kira shi, ba a kuma biyan kuɗinsa sai na lokacin da ya yi aiki. Shirin ya buɗe bayanan da kyamara ke ɓoyewa a jikin hoto, ya ciro rana da awa da lambobin GPS, ya sa wa hoton suna mai ma'ana, ya yi ƙaramin kwafi da zai buɗu a waya mai raunin intanet, ya rubuta layi guda a rajista, ya ɗora ɗigo a taswira. Na asalin, bayan wasu watanni, doka guda da aka rubuta tun farko ta mayar da shi Glacier, inda ajiya ta fi araha.

Duk wannan ɗalibi mai ƙwazo zai iya haɗa shi. Inda ake gane gwani shi ne wajen zaton ɓarna. Ya san Amazon da kanta ta ce sanarwa ɗaya tana iya zuwa sau biyu, ya kuma san wanda rezo ya yanke masa zai sake danna turawa. Sai ya lissafa wa kowane hoto lambar da ke fitowa daga cikinsa, in ta maimaitu a tsallake, kada gawo ɗaya ya zama uku a rahoto. Hoton da ya iso a gutsure ba ya yarda ya ɓace shiru; akwai layin da yake tara irinsu mutum ya duba. Ya san WhatsApp yana matse hoto ya goge ranarsa da wurinsa in ba a tura shi a matsayin takarda ba, shi ya sa shirinsa ke ware duk hoton da ya zo babu GPS. Wannan ɗaya ma, a ganina, ta isa a biya shi ladansa, don mutanenmu komai ta WhatsApp suke aikawa.

Sannan ba ya jingina ga kamfani guda. A 1 ga Yuni 2021 Google Photos ya daina ajiya kyauta marar iyaka, a ƙarshen Maris 2025 kuma ya hana shirye-shiryen waje leƙa dukan hotunan mutum, sai waɗanda shi ya zaɓa ko su suka ɗora. Waɗanda suka gina komai a kan waccan ƙofa sun wayi gari sarƙarsu ta tsinke. Mai hangen nesa yana ajiye na asali a inda makullin ke hannun masu aikin, ya rubuta yadda ya haɗa kowane mataki da Faransanci mai sauƙi, don wanda zai gaje shi a ofis ya iya gyarawa.