4.3 Jigon Rashin Ƙasa a Fim Ɗin The Terminal

A wannan sashe za a duba yadda fim ɗin The Terminal, wanda Steven Spielberg ya shirya a shekarar 2004, ya sarrafa jigon rashin ƙasa, sannan a auna shi da labarin gaskiya da ake dangantawa da shi.

Mehran Karimi Nasseri mutumin Iran ne da ya zauna a filin jirgin saman Charles de Gaulle na birnin Paris daga shekarar 1988 zuwa 2006, wato shekara 18. A shekarar 1981 an ba shi matsayin ɗan gudun hijira a ƙasar Beljiyam. Da ya nufi Ingila a 1988 ba tare da takardunsa ba, sai aka komo da shi Faransa. A 1992 wata kotun Faransa ta yanke hukunci cewa ba za a kore shi daga filin jirgin ba, amma ba ta ba shi iznin shiga gari ba. Ke nan gaba ta gagara, baya ta gagara.

Tauraron fim ɗin kuwa, Viktor Navorski, wanda Tom Hanks ya fito a matsayinsa, ya sauka ne a filin jirgin John F. Kennedy na New York daga wata ƙagaggiyar ƙasa mai suna Krakozhia. Yana cikin jirgi aka yi juyin mulki a ƙasarsa, fasfonsa ya zama ba ya aiki, ya zauna a filin jirgin wata tara.

Idan aka lura, za a ga muhimman bambance-bambance guda uku. Na farko, Viktor ba marar ƙasa ba ne a ma'anar doka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1954 ta bayyana marar ƙasa da cewa shi ne wanda babu wata ƙasa da dokarta ta ɗauke shi ɗanta. Shi kuwa Viktor ƙasarsa tana nan, gwamnatinta ce kawai Amurka ba ta amince da ita ba. Akwai fitowar da jami'in filin jirgin, Frank Dixon, ya ba shi damar neman mafaka idan ya ce yana tsoron komawa gida, amma Viktor ya ƙi, domin ba ya tsoron ƙasarsa. Da wannan fitowa fim ɗin ya raba tauraronsa da ainihin ɗan gudun hijira, wanda tsoron gida shi ne tushen matsalarsa.

Na biyu, fim ɗin ya tattara laifin duka ya ɗora wa mutum ɗaya, wato Dixon mai neman ƙarin girma. Wannan dabara tana sauƙaƙa wa mai kallo gane mugu, amma tana ɓoye gaskiyar lamarin. Nasseri bai gamu da mugu guda ba. Dokokin ƙasashe uku ne suka sarƙe shi, kowace tana tura shi ga ɗaya.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, shi ne tasirin jira a kan mutum. A fim ɗin zaman jira ya ƙara wa Viktor daraja: ya koyi Turanci, ya tara kuɗin abinci ta hanyar mayar da kekunan ɗaukar kaya, ya sami aikin gini, ya yi abokai. A ƙarshe ya shiga gari, ya karɓo sa hannun makaɗin jaz Benny Golson domin cika burin mahaifinsa, ya kama hanyar gida. Nasseri kuwa jira ya cinye shi. Da aka kawo masa takardun zama a 1999 sai ya ƙi sa hannu, saboda sun kira shi ɗan Iran, kuma ba su ɗauke da sunan da ya laƙaba wa kansa, Sir Alfred, ba. Rashin lafiya ce ta fitar da shi a 2006. Daga baya ya koma filin jirgin, inda ya rasu a watan Nuwamba na 2022.

Ya kamata a yaba wa fim ɗin a kan Gupta, tsoho mai shara wanda ya gudo daga Indiya kuma yake zaune cikin fargabar a mayar da shi. Shi ne ya fi kusa da halin da irin waɗannan mutane suke ciki, sai dai an bar shi a matsayin ƙaramin tauraro mai ban dariya. Fim ɗin Faransa na Philippe Lioret, Tombés du ciel na 1993, ya fi ƙoƙari ta wannan fuska, domin tauraronsa da aka sace wa fasfo ya tarar da wasu da suka daɗe maƙale a wurin, har da wani yaro ɗan Gini.

Daga abin da ya gabata za a iya cewa The Terminal ya ari wurin zaman Nasseri, amma bai ari matsalarsa ba. Ya nuna wa mai kallo baƙon da tafiya ta yi wa tsaiko, alhali abin da ya kamata ya nuna shi ne mutumin da ba shi da inda zai koma.