SHARHIN FIM: Dokin Talakawa a Filin Masu Kuɗi

Fim: Dark Horse
Darakta: Louise Osmond
Ƙasa: Birtaniya
Shekara: 2015

Mai karatu, a wannan watan mun ɗan leƙa waje. Fim ɗin da ke gabanmu babu jarumi, babu jaruma, balle rawa da waƙa. Labari ne na gaskiya, kuma waɗanda abin ya faru da su ne suka zauna gaban kyamara suka ba da shi da bakinsu.

LABARIN

Cefn Fforest ƙauye ne a yankin Wales da ke Birtaniya, wanda talauci ya yi wa katutu bayan an rufe mahaƙar kwal da jama'a suka dogara da ita. A nan wata mata mai suna Jan Vokes ke aiki a wani kulob na leburori. Ta taɓa kiwon karnuka da tattabarun tsere, amma ba ta san komai kan doki ba. Wata rana ta ji wani mai ba da shawara kan haraji, Howard Davies, yana hirar dokin sukuwar da ya taɓa haɗa kuɗi da wasu suka mallaka. Sai ta ce ita ma sai ta yi.

Ita da mijinta Brian suka sayi goɗiya da araha, ta haifa musu duƙushi a 2001. Mutum 23 suka yi karo-karo, kowa fam 10 duk mako, suka sa masa suna Dream Alliance, suka kai shi wajen mai horar da dawaki Philip Hobbs. A Birtaniya sukuwa harkar attajirai ce da 'ya'yan sarauta, don haka dariya aka fara yi musu. Doki kuwa ya shiga cin tsere. A 2008 jijiyar ƙafarsa ta yanke a filin Aintree, irin raunin da akan kashe doki saboda shi. Abokan nan suka yarda a kashe kuɗin da ya ciwo wajen yi masa magani. A Disambar 2009 ya dawo ya lashe gasar sukuwa mafi girma ta Wales a filin Chepstow.

ABUBUWAN BURGEWA

Babban abin da darakta ta yi shi ne ta ja bakinta ta yi shiru. Babu wani mai sharhi daga bayan fage da ke gaya maka lokacin kuka. Brian, da giɓinsa da zanen da ke jikinsa, yana magana yana dariya, kai ma sai ka tsinci kanka kana yi. Da kaɗan-kaɗan za ka gane ba kuɗi ya haɗa su ba, domin bayan an cire ɗawainiya abin da kowa ya samu bai kai fam 1,500 ba. Abin da suka saya da fam gomansu shi ne mutunci: su ma su shiga inda a da ko ƙofa ba a buɗe musu. Ba mamaki da fim ɗin ya ci kyautar zaɓin 'yan kallo a rukuninsa a bikin Sundance na Amurka a 2015.

KURAKURAI

Amma fa akwai gyara. Na farko, darakta ta so mutanen nan har ta kasa yi musu tambaya mai zafi. Irin wannan sukuwa ta tsallake shinge ce, kuma dawaki na mutuwa a cikinta. Doki ya tsallake rijiya da baya, aka sake mayar da shi fili. Don shi aka yi, ko don su? Fim ɗin ya taɓo batun ya wuce da sauri. Na biyu, cacar da ke riƙe da sukuwar Birtaniya ba a tsaya a kanta ba. Na uku, wuraren da aka sake shirya abin da ya wuce sun yi kyau fiye da kima, har ƙauyen ya fi kama da hoton kalanda.

Duk da haka ya fi Dream Horse na 2020 armashi, inda Toni Collette ta fito a matsayin Jan. A can an ƙara gishiri. A nan miyar ta ji da kanta.

KAMMALAWA

To, 'yan fim ɗinmu, ina muka kwana? Muna da sukuwa a Kano da Katsina da Sakkwato da Yamai, muna da yaran da ke kwana a barga suna yankan ciyawa don dokin da ba nasu ba. Mu kuwa doki sai a fim ɗin sarauta, ya sha ado ya wuce. Wannan fim bai ci wani babban jari ba, haƙuri ya ci da sauraro. Duk furodusan da ke kukan babu labari, ya ɗauki kyamara ya nufi filin sukuwa ranar da ake yi. Sai dai idan ya je, don Allah ya yi tambayar da Osmond ta ji nauyin yi.