Ɗaga ƙarfe kafin a shiga fili

Duk wanda yake bin filayen ƙwallo na yamma daga Hunƙuyi zuwa Maƙarfi da Ikara ya san abin da zan faɗa. A gefen fili za ka ga sandar ƙarfe da aka cusa bakinta biyu cikin gwangwanayen da aka cika da siminti, samari sun yi layi, kowa na ɗagawa har sai damtse ya kumbura kafin alƙalin wasa ya busa usur. In ka tambaya, sai a ce ai a waya aka gani, haka manyan 'yan wasa suke tayar da jiki. Yanzu har wasu 'yan dambe masu tasowa sun ɗauka.

Maganar tana da tushe, ba zan musa ba. Masana motsa jiki sun daɗe da lura cewa tsokar da ta yi aiki mai nauyi na ɗan lokaci takan fi saurin amsa kira jim kaɗan bayan haka. Yuri Verkhoshansky, kocin tsohuwar Tarayyar Sobiyet, yana cikin waɗanda suka yaɗa dabarar haɗa ɗaga nauyi da tsalle a atisaye guda. A 2002 kuma Digby Sale na Jami'ar McMaster da ke Kanada ya yi rubutun da ya jawo hankali a kan lamarin. Abin da ke faruwa shi ne nauyin yana sa zaren tsoka ya ƙara jin sinadarin kalsiyam da ke sa shi tsukewa, ga kuma ɗumin da naman ya yi.

Sai dai nauyin da ya farkar da tsokar shi ne kuma yake gajiyar da ita. Abu biyun tare suke zuwa, dabarar kawai ita ce gajiyar takan riga wucewa, ta bar ɗan tsakani na 'yan mintuna. A mafi yawan gwaje-gwajen da aka yi, mutum yakan ɗora nauyin da ya kusa iyakar ƙarfinsa a kafaɗa, ya tsuguna ya miƙe sau 3 zuwa 5 kacal, ya huta kamar minti 5 zuwa 10, sannan a auna tsallensa ko gudunsa. Ribar ma ba ta taka kara ta karya ba, 'yan kashi ne cikin ɗari. Nazarin da Laurent Seitz da Gregory Haff suka fitar a 2016 ya nuna cewa masu ƙarfi sun fi samun ta, kuma ta fi zuwa musu da wuri. Wanda bai ƙoshi da horo ba, sau da yawa gajiyar kawai yake kwasa.

To, a kwatanta da abin da ake yi a filayenmu. Yaro ya wuni yana ɗaukar damin rake a gonakin Maƙarfi, ko yana lodin kwandunan tumatir a Ikara, ya zo da la'asar ya ɗaga ƙarfe sau talatin. Kuma da hannu yake ɗagawa, alhali ƙafa ce za ta yi masa aikin. Wannan ba tayar da jiki ba ne, gwada ƙwanji ne ga 'yan kallo. Na taɓa gaya wa wani ƙanena haka, ya ce, "Yaya, ai in na ɗaga, jikina sai ya yi mini sakayau." Gaskiya ne. Duk wanda ya sauke buhun masara yana jin haka, amma ba wanda ya taɓa sa shi tsere a lokacin don a gani.

Ko da an bi ƙa'idar sau da ƙafa, ina da ja. Tasirin na 'yan mintuna ne, wasan ƙwallo kuwa minti 90 ne. A dambe abin ya fi muni, domin ɗan wasa bai san lokacin da za a haɗa shi ba. Ana kiɗa, ana kirari, ana zagaya fili neman abokin karo, wani ya ƙi wani. Kafin a shiga turmin farko tsakanin ya daɗe da rufewa.

Babban abin da ya fi damuna shi ne yadda muka fara rage ma'anar zafin nama. A gwajin zafin nama da ake yi, ana jera alamomi a ƙasa, mutum ya san inda zai juya tun kafin ya tashi. A fili ba haka ba ne. Zafin nama rabinsa a ido yake: ka karanta kafaɗar abokin karawarka, ka gane hannun da aka naɗe zai taho kafin ya taho, ka goce. Ba a tuna ɗan dambe Shago don girman damtse kaɗai. Yaron da ya tashi yana langa, ƙafa ɗaya a riƙe, yana zilliya yana kare ruwa, ya koyi abin da gwangwanin siminti ba zai ba shi ba.

Ba cewa nake a zubar da ƙarfen ba. A ɗaga shi a tsakiyar mako, a fi ba ƙafa da ƙugu, a ƙara nauyi sannu a hankali, a ci abinci. Ranar wasa kuwa akwai tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+ da aka fito da shi a 2006, minti 20 ne, ba ya buƙatar komai sai fili da ƙwallo, kuma gwajin da aka yi a Norway ya nuna yana rage raunuka. Kocin da ya nace sai ya jarraba nauyin, yana da agogo a wayarsa: ya auna yaro a gudun mita 10 da juyowa, yau da ƙarfe, jibi babu, ya rubuta a takarda. Ƙanen nawa dai na ba shi wannan shawarar, har yanzu bai kawo mini takardar ba.