Ɗaukar Waƙa a Zama Ɗaya da Abin da Sutudiyon Zamani Ya Bari a Baya

A garuruwan kudancin Katsina, irin su Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda suke shiyya ɗaya da Musawa inda aka haifi Mamman Shata a 1923 da kuma Funtuwa inda ya kafa gidansa, har yanzu muryarsa tana tashi daga motocin haya da teburan masu shayi, alhali ya rasu tun 1999, kuma da yawa daga cikin waƙoƙin sutudiyo da suka cika gari bara an riga an manta da su. Akan danganta wannan ga baiwarsa kaɗai, amma yadda aka ɗauki waƙoƙin nasa ma yana da babban rabo a ciki.

Shata yakan shiga gidan rediyon Kaduna, ko wurin ɗaukar faifan garmaho na kamfanin EMI, tare da makaɗansa da 'yan amshinsa, a ɗauki waƙar a zama ɗaya. Kalangu, wato ganga mai fuska biyu da ake matse tsarkiyarta a hammata domin sautin ya hau ko ya sauka, yana bin karin sautin Hausa, don haka makaɗin ba riƙe kari kawai yake yi ba, saurare yake yana mayar da martani. Idan mawaƙi ya tsawaita ɗan waƙa, wato gaɓar da yake rerawa kafin a karɓa masa, sai kiɗan ya lafa ya jira shi. Idan kuma amshi ya yi zafi, shi ke zuga mawaƙin ya fito da maganar da bai shirya ba. Shi ya sa Bakandamiya, waƙar da Shata yake yi wa kansa kirari a cikinta, take da ɗauka daban-daban waɗanda ba iri ɗaya ba ne, kuma shi ya sa aikin masu nazari irin su Dokta Aliyu Ibrahim Ƙanƙara, wanda ya daɗe yana bin diddigin waƙoƙin, yake da wahala da kuma daraja.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai abin yake haka ba. Kiɗan soul na baƙaƙen fatar Amurka, wanda ya samo asali daga waƙoƙin coci inda jagora ke bayarwa jama'a na karɓa, da irin wannan zama ya yi suna. Kundin Otis Blue na Otis Redding an ɗauki mafi yawansa cikin kimanin sa'o'i 24 a watan Yulin 1965, a sutudiyon Stax da ke Memphis, mawaƙin da makaɗan suna ɗaki ɗaya suna kallon juna. Haka kuma a 1967, lokacin da Aretha Franklin ta je ɗaukar waƙa a garin Muscle Shoals, ita ce ta zauna a kan fiyano, sauran makaɗan suka gina kiɗansu a kan abin da suka ji tana yi.

Tun ƙarshen shekarun 1990, da fiyanon lantarki ya mamaye waƙoƙin finafinan Kano, tsarin ya juye. Mutum ɗaya ne yake haɗa kiɗan a kwamfuta yana maimaita gaɓa guda daga farko har ƙarshe, mawaƙi ya shigo shi kaɗai ya ɗora murya layi-layi, a ɗauki amshi sau ɗaya a yi ta liƙa shi, sannan manhaja ta gyara duk inda muryar ta kauce. Ba za a musa amfanin wannan ba, domin saurayin Faskari da ba shi da halin ciyar da tawagar makaɗa yanzu yana iya fitar da waƙarsa. Sai dai kiɗan da aka gama shi kafin mawaƙi ya buɗe baki ba ya iya jiransa, ba ya iya zuga shi, kuma amshin da aka liƙa ba ya jin abin da aka faɗa kafin ya karɓa.

Abin da ya fi damun mai wannan rubutu shi ne cewa wurin koyon wancan sauraren yana ƙarewa. A filin biki da wasannin dare ne yaron makaɗi yake koyon bin bakin ubangidansa, kuma matsalar 'yan bindiga da ta addabi ƙananan hukumomin kudancin Katsina, wadda sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020 ya fito da ita duniya, ta rage irin waɗannan tarukan ƙwarai. Masu sutudiyo a Funtuwa da Katsina da Kano suna da ikon gayyato masu kalangun da suka rage su ɗauke su tare da mawaƙan yau a zama ɗaya, kuma abin da aikin yake buƙata bai wuce ɗaki mai ɗan faɗi da makirufo kaɗan da kuɗin sallamar makaɗan ba.